A Buɗe wa Samarinmu Masu Zane Ƙofar Makaranta

Malam Edita,

Rahotonku kan baje kolin zane-zane na ART X Lagos bai faɗi inda masu zanen suka yi karatu ba. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya wanda aka karrama a baje kolin birnin Venice na Italiya a 1990, a Zariya ya koyi zane. Haka ma Yusuf Grillo, da ya shugabanci sashen zane na Yabatech, wato Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas.

A Agege kullum ina ganin samarinmu suna zana allunan shaguna da jikin manyan motoci. Hannunsu ya faɗa, amma ba mai nuna musu hanyar makaranta, balle zauren baje koli. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina roƙon sarakunan Hausawan Legas su ɗauki nauyin karatun wasu a Yabatech, ku kuma ku riƙa buga ayyukansu.

Mai karatunku,
Agege, Legas