Samarin Damagaram na dambe kan mawaƙan Kano, namu na gida ba mai ji

Assalamu alaikum Edita,

Ina da ɗan teburi a bakin Kasuwar Dole, inda nake cajin salula ina tura waƙoƙi a kati, dala ashirin in cika wa yaro waya. Duk abin da samarin Damagaram ke saurare, ta hannuna yake bi.

Asabar ɗin da ta wuce ’yan fada biyu, wato majalisun samari masu zaman shayi, suka haɗu a gabana, ɗaya daga unguwar Zango, ɗaya daga Garin Malam. Gardama ta kaure kan wane mawaƙin Kano ya fi wane. Kowa na kiran nasa “ogana”, ya yi irin askinsa, ya manna hotonsa a tankin kabu-kabu. Kafin in ɗago kai an ci kwalar juna, teburi ya kife, salula uku na mutane suka faɗa kwata. Ni na biya. Ogannin kuwa suna can Kano, tafiyar sama da kilomita 200, ba su ma san ana yi ba.

Dattawa za su ce waƙa ce ta lalata yara. Ban yarda ba. Tun shekarun 1990 ake zaman fada a garin nan, ana dafa shayi zubi uku don rana ta wuce, kuma ’yan pale, gungun samarin nan na unguwar Kara-Kara, ba waƙa ta sa su ɗaga ƙarfe ba, zaman banza ne. Su dattawan ma, ai nan suke zuwa bayan la’asar, murya ƙasa-ƙasa, in tura musu waƙoƙin tsohon mawaƙin Damagaram, Ma’azu Ɗan Alalo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Muna da yara masu murya, suna tara kuɗin kabu-kabu su shiga sutudiyo, su kawo mini waƙar, su ce in raba kyauta. Kyautar ma sai a ce, “Malam, goge, tana cin wuri.” Wani ya kai tasa wani gidan rediyo, aka ce sai ya biya kafin a saka.

A 2018 gari ya sha kwalliya don bikin Zinder Sabuwa na ranar Jamhuriya, muka ga yadda jama’a ke cika fili in an ba su abin kallo. Ina roƙon gidajen rediyonmu su ware awa ɗaya a mako don waƙar gida, gidan matasa kuma ya shirya gasa tsakanin fadoji, unguwa da unguwa. Ni na ɗauki nauyin tura waƙar wanda ya ci a kowace waya, ba ko dala.

Naka,
Mai turin waƙa,
Kasuwar Dole, Zinder