A Tallafa wa Neman Sabon Magani a Ƙasar Kano

Malam Edita, assalamu alaikum.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ta rasa kaifi, kuma yawan shan su ba bisa umarnin likita ba yana ƙara dagula lamarin. Ga wata hanyar bincike da ta dace da mu.

Daga bakteriyar ƙasa, Streptomyces griseus, aka samo maganin streptomycin a 1943. Dangin Streptomyces na iya haɗa sinadarai masu yawa, amma in an raine su su kaɗai a farantin gwaji, galibinsu ba sa fitowa. Sai an ajiye musu kishiya sannan su fito da makamansu.

Aikin ba ya buƙatar dukiya mai yawa. A busar da ƙasa, a tsarma gram 1 cikin mililita 9 na ruwa mai tsabta, a ci gaba da sirkawa, a shuka a kan agar (abincin rainon bakteriya) na sitaci da casein (furotin ɗin madara), a ajiye a zafin digiri 28 na ma'aunin Celsius na kwana 7 zuwa 14. Sannan a haɗa Streptomyces ɗin da ta tsiro da wata bakteriyar a matsayin kishiya. In Bacillus ce, a ba Streptomyces ratar kwana 3, don Bacillus mamaye faranti take yi. Dole a raini kowacce ita kaɗai don kwatance. A tatsi sinadarin da Streptomyces ta fitar ta amfani da ruwan narkarwa na ethyl acetate, a gwada shi kan Staphylococcus aureus, bakteriya mai sa cuta.

Sai dai ɗaukewar wuta a zafin Afrilu kan lalata aikin mako biyu. Kuma ba tare da na'urar LC-MS mai tantance sinadarai ba, sai a sha wahala kan maganin da aka daɗe da sani. Muna roƙon asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da gwamnatin jiha su tallafa wa Jami'ar Bayero da tsayayyiyar wutar lantarki da wannan na'ura, a fara da ƙasar marinar Ƙofar Mata mai toka da kanwa.

Wasu masu binciken ƙwayoyin cuta,
Kano.