Wasiƙa zuwa ga ɗana, sabon malamin daji

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Mun ji an tura ka aikin gandun daji a Taraba, Allah Ya sanya albarka.

Ka san bishiyar madobiya, wadda 'yan katako a can suke kira Madrid. Shekarun baya an yi ta sare ta a dazukan Bali da Gashaka da Kurmi, ana loda gungume a tirela zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje. Ɓarnar ta kai har a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a ƙarƙashin CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa. To, tirela ba allura ba ce balle a ɓoye ta a aljihu. Duk wadda ta wuce ba bisa ƙa'ida ba, akwai wanda ya ɗage mata shinge, akwai wanda ya buga hatimi, kowa an ba shi na goro.

Ana yawan maganar harajin da gwamnati ta rasa. Ni abin da ke hana ni barci daban ne. Da rani, idan ciyawa ta ƙone, ganyen madobiya makiyayi yake sassabo wa shanunsa. In babu ita, ina zai nufa da garke in ba fadamar manomi ba? Ka san abin da ke biyo baya, maƙwabtan da suka yi shekaru suna musayar nono da dawa su koma zaman doya da manja. Gangaren da aka tsiraita kuma, ruwan damina ya kwashe ƙasarsa, rafi ya cike da yashi.

Sannan ga yaron ƙauye da ke tsaye yana kallo: an tsare tsohuwa kan ɗaurin itacen girki, an ɗaga wa tirela hannu. Ranar ya koyi cewa doka ta talaka ce kawai, kuma wa'azin shekara goma ba zai goge masa wannan ba.

'Yan katakon za su zo maka da fara'a, su ce ihsani ne. Kada ka karɓa, ko lemon kwalba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai bayar da rashawa da mai karɓa. Ka ƙirga gungume da idonka, abin da ba ka gani ba kada ka sa masa hannu. In albashi ya makara, ka kira ni, buhun masara bai gagare mu ba.

Mahaifinka.