Wasiƙa daga Gadarif: Benci Biyu, Igiya da Lori

Aminina Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mu ma nan alhamdu lillahi, da sauƙi. Saƙonninka na murya suna isowa, amma sai ranar da intanet ya ga dama, shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta maka mai tsawo, in ta tafi ta tafi gaba ɗaya.

Ka tambaye ni wai da gaske ne na koma ɗan wasan kwaikwayo da furfurata, kamar yadda uwargida ta tsegunta wa taka. Da gaske ne, wasa ne nake yi da ɗalibaina kan kauce wa haɗarin titi, kuma ba na jin kunya. Amma bari in fara da garin, don Gadarif ɗin da ka sani lokacin da nake janyo ka hutu daga Jami'ar Afirka ta Khartum ba ita ba ce yau. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023 mutanen Khartum suka fara kwararowa. Da Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar sai abin ya zama ambaliya, na Sinja kuma suka biyo baya a tsakiyar 2024. Wasu sun koma gida yanzu, wasu sun ce nan gani nan bari. Makarantu sun daɗe a rufe, da yawansu ma ’yan gudun hijira ne suka zauna a cikin azuzuwan. Da aka sake buɗewa sai muka samu yaran da suka girma a titi, suna tallar ruwa da agashe, wato tsire, wasu har sun koyi tuƙa raksha, adaidaita sahunku ke nan, alhali doka ta ce sai mai shekara 18.

Titin kuma ka san shi. Duk abin da ya sauka a Bur Sudan ya biyo ta Kasala, nan yake ratsawa kafin ya nufi Madani, ga kuma reshen da ya yi Gallabat, bakin iyakar Habasha. Tankokin mai, manyan motoci masu jela, ga na kakar riɗi da dawa da suke shigowa kasuwar amfanin gona an labta musu buhuna har sun karkace. Da damina kuwa baƙar lakar nan tamu ba ta barin kowa ya bi gefen hanya, takalmi take cirewa mutum. Sai kowa ya hau kwalta, mai ƙafa da mai karon jaki da mai boksi, wato a-kori-kura, kowa yana ganin shi ne mai hanya. Makarantarmu ta mutawassiɗa, ta ’yan shekara 12 zuwa 14, tana kusa da wannan kwaltar, masu sayar da ful, dafaffen wake, da ta'amiyya, mai kama da ƙosai, kuma suna tsallake. In aka buga ƙararrawar fatur, wato fita karin kumallo, sai ka dafe ƙirji.

Wani ɗalibinmu raksha ta kaɗe shi a wannan tsallaken, ya karye a cinya. Allah ya taƙaita. Washegari aka tara yara a fili aka yi musu nasiha mai tsawo, a duba hagu, a duba dama, kada a yi gudu. Ina tsaye a bayan layi ina jin suna ƙarasa wa mai magana jimlarsa kafin ya kai ƙarshe. Sun sani, Malam. Babu yaro ɗan shekara 13 da bai san mota tana kisa ba. Abin da yake tura shi gaban tanka shi ne abokinsa da ya riga ya tsallaka yana yi masa dariya daga can. Abin da yake zaunar da shi shiru a cikin raksha mai tsala gudu shi ne direban yayansa ne, ko ɗan maƙwabcinsu, ƙarami kuwa ba ya gyara wa babba tuƙi. Mu muka koya musu wannan ladabin, kuma ladabi ne mai kyau, sai dai ba mu koya musu abin da za su faɗa ba in ladabin zai kai su asibiti. Wannan shi ne duk dalilin wasan.

Salon da muke bi ba ni na ƙirƙiro ba. Wani ɗan Birazil ne, Agusto Bowal, ya shahara da shi tun shekarun 1970, kuma ’yan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna shiga Samaru da ƙauyuka da irin wannan aiki. A taƙaice, a yi gajeren wasa da zai ƙare da ɓarna, sannan a maimaita shi, duk mai kallon da ya ga inda za a iya gyarawa ya ce a tsaya, ya fito ya karɓi matsayin wanda abin ya shafa, ya gwada tasa dabarar. Ba malami ne yake ba da amsa ba. Kayan aikinmu benci biyu ne a matsayin raksha, da murfin tukunya da ya zama abin tuƙi, da wani yaro da Allah ya hore wa iya kukan inji da baki har da canjin giya.

Wanda yake fitowa a direba ɗan mai shayin bakin tasha ne, a cikinsu ya tashi, ya san su ciki da bai. Zai ɗaura tsumma a wuya, ya kishingiɗa gefe guda, ƙafa ɗaya a waje, waya a kunne, yana yi wa wata alkawarin zuwa da daddare. Fili ya kaure da dariya tun bai ce komai ba. Na gaya masa sharaɗi ɗaya: kada ya sassauta wa kowa, ya amsa yadda direban gaske zai amsa.

Na farko da ya fito ya ce, "Yaya, don Allah rage gudu." Direba ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "In tsoro kake ji koma wajen innarka ta goya ka." Yaro ya yi tsuru-tsuru, ’yan kallo suka yi masa ihu, ya koma ya zauna. Na biyu ya zo da wa'azi, ya ce rai amana ne. Direba ya ce, "Wanda kwanansa bai ƙare ba ko jirgi ya taka shi zai tashi." Nan aka yi cirko-cirko, don maganar kowa ya saba jinta a gida. Sai wani siririn yaro daga cikin waɗanda suka zo daga Madani, wanda ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya ɗaga hannu daga zaune ya kawo hadisin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Direba ya sosa ƙeya ya ce shi ai raksha gare shi ba raƙuma ba, amma kowa ya ga an kama shi.

Wanda ya ci gasar kuwa ba malami ba ne. Wani shaƙiyyi ne ya hau benci, ya yi shiru, can sai ya riƙe ciki ya fara kumbura kumatu ya ce, "Yaya, ful ɗin nan zai dawo, kuma a kan sabuwar kujerarka." Kafin ya rufe baki direba ya taka birki. Mun yi dariya har da hawaye, amma da na koma gida na yi ta juya abin a raina. Yaron nan ya samo hanyar tsayar da babba ba tare da ya kunyata shi ba, shi ma kuma ba wanda zai kira shi matsoraci. Da za ka ba ni shekara ina rubuta darasi ba zan kawo wannan ba.

Wata malama a makarantar ’yan mata ta ɗauki wasan ta kai can, ta ce nasu ya sha bamban. Yarinya ba za ta tsaya cacar baki da saurayin direba ba. Abin da suka tsayar shi ne tun kafin su hau su haɗa baki, in ya fara wauta babbarsu ta ce nan za mu sauka, duka su sauka tare, su biya shi rabin hanya. Asarar kuɗin fasinja uku ta fi kowace nasiha shiga kunnensa.

Abu ɗaya na hana. Yaran sun so su jiƙa zoɓo mai kauri su watsa a jallabiyar wanda aka kaɗe, a ɗauke shi ana salati. Na ce a'a. A cikin ajin akwai waɗanda suka tsallake gawarwaki a hanyarsu ta zuwa nan. Irin waɗannan ba za ka tsorata su da zoɓo ba, wasu kuma za ka fama musu mikin da bai warke ba. Da an zo wurin karo sai mai ganga ya buga sau ɗaya kowa ya daskare a inda yake. Ya isa.

Akwai kuma ɓangaren da ba wasa ba ne sosai, amma a cikinsa muke sa shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki ma ta riga ta cinye wannan. Na auno igiya mai wannan tsawon muka shimfiɗa a fili. Na ce kowa ya je ya tsaya inda yake ganin zai iya gilmawa a gaban mota. Kusan dukansu a cikin igiyar suka tsaya. Na ƙara musu da cewa wannan kafin birki ya fara aiki ke nan, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki yake buƙata ninkawa take huɗu. Daga baya mahaifin wani ɗalibi, tsohon direban Kasala, ya shigo mana da lorinsa har cikin makaranta. Muka riƙa ɗora yara ɗaya bayan ɗaya a kujerar direba, sauran su taru dab da hancin motar da kuma gefen dama, gefen da yake nesa da direba tunda mu a dama muke tuƙi. Yaro zai leƙa ta gilashi, ya duba madubi, ya rantse ba kowa, sai ya sauko ya tarar da fiye da mutum goma a tsugune. Gani ya kori ji. Masu maƙalewa a bayan lori suna tsintar dawar da ke zuba su suka fi yin shiru ranar.

Ba kowa ne ya yi murna ba. Wasu iyaye sun ce an turo yara karatu an mayar da su ’yan kama, ga shekaru sun riga sun salwanta. Suna da hujja, ni ma ina jin zafin shekarun nan. Abin da muka yi shi ne muka gayyato su tare da limamin unguwa ranar Alhamis bayan tashi. Da aka zo wurin raƙuma liman da kansa ya gyara wa yaron lafazin hadisin, ya ƙara bayani. Tun daga nan ƙorafin ya lafa.

Na san halinka, za ka ce to an daina kaɗe yara? Ba zan yi maka cika baki ba. Masu bincike sun daɗe da lura cewa koyar da yara yana ƙara musu sani, yana ɗan gyara yadda suke tsallaka titi, amma abin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne rage gudun motar kanta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe ’yan shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa suke ta kiran a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, kamar ƙofar makaranta. Yaro komai natsuwarsa yaro ne, wata rana ƙwallo zai gangara kwalta ya bi shi. Mun rubuta takarda muna neman a yi mana tudun rage gudu da alamar makaranta, an karɓa da fara'a, an ce ana dubawa. Matasan unguwa suka gaji suka tara ƙasa da duwatsu cikin dare, ba fenti ba alama, ga gari ba wuta, washegari mai babur ya ci da baka a kai. Dole aka kwashe. Yanzu dai manyan ɗalibai biyu ne suke tsayawa da jan ƙyalle lokacin fatur, yara su taru a tsallaka tare, wani ɗan murur, ɗan sandan kan titi, mai kirki kuma yakan leƙo in yana kusa.

Abin da nake gani da idona shi ne maganganun wasan sun fita titi. In wani ya zabura zai gilma sai ka ji na baya sun ce "igiya!", ya dawo yana dariya. Dawowa da dariya ta fi sauƙi a kan dawowa da kunya, kuma wannan kaɗai ya ishe ni dalilin ci gaba.

Yanzu ga buƙatata. Ku da kuke da tashe, yaranku ba sa buƙatar a koya musu kwaikwayon manya, tun suna ƙanana suke sa gemun auduga suna tsokanar malamai da tsofaffi ba wanda yake fushi. Me zai hana ka gwada da ’yan ajinka kafin azumi, ka sa ɗan adaidaita a madadin ɗan raksha? Ina so in ji dabarar da yaran Kano za su fito da ita, don na tabbata za su fi namu iya shaƙiyanci. Kuma in kana da wani sani a hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ka tambayar mini abin da suke koyarwa a ƙungiyoyinsu na makarantu, ka ɗauki hoton takardun ka turo, ko da Turanci ne zan nemi mai juya mini. Mu kuma bayan jarrabawa za mu kai wasan tashar ’yan raksha, a gabansu. Ɗan mai shayi ya ce shi dai a tanadar masa hanyar gudu, don duk wanda yake kwaikwaya yana wurin.

Riɗin da Hajiya ta ce a nemo mata an samu mai kyau, fari tas, sai dai ban ga amintaccen matafiyi ba tukuna. In ka ji wani zai taso daga Bur Sudan ka sanar da ni da wuri. Uwargida da yara suna gaishe ku. A ci gaba da sa mu a addu'a, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Wassalam,
Amininka na Gadarif