Wasiƙa Zuwa Ga Uwata: Kafin Ki Shigar Da Mataimakin Nan Cikin Rubuce-rubucenki

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin garin naku. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Na ga saƙonki, inda kika ce kina so ki haɗa mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira da Obsidian ɗinki, manhajar da kike ajiye rubuce-rubucenki, ta tagar umarni, wato baƙin allon da ake buga wa kwamfuta umarni da haruffa, don ya riƙa tono miki abin da ke cikin hirarrakin da kika yi da matan adashe. Kin nemi shawarata. Na goyi bayanki, har na ji daɗi da kika daina tsoron baƙin allon nan. Sai dai maganar ta fi ƙarfin kiran waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ki fara gane bambancin abin da kika saba da abin da za ki shiga. A da shafin hira kike buɗewa, ki liƙa masa rubutu ya ba ki amsa, iyakarsa baki. In ya yi shirme, shirmen yana kan allo, ki share ki wuce. Amma ranar da kika tayar da Claude Code, ko Gemini CLI, ko Codex CLI a cikin foldar rubuce-rubucenki, kin ba shi hannu. Dukansu ukun mataimaka ne masu aiki ta tagar umarni, a 2025 suka fito, kuma aikinsu iri ɗaya ne: su rubuta umarni da kansu, kwamfuta ta zartar. Zai buɗe fayil, ya karanta, ya gyara, ya sauya masa suna, ya goge shi, da irin ikon da ke kanki kike da shi a kan kwamfutar. Ki ɗauke shi tamkar sabon yaron shago mai kaifin kai da zafin nama. Ana jin daɗin aiki da shi, amma ba a damƙa masa makullin durowa ranar da ya zo.

Kin yi dace da kika zaɓi Obsidian. Tun fitowarsa a 2020, kowane rubutu da kika yi a cikinsa fayil ne na zallar haruffa, a tsarin Markdown da John Gruber ya fito da shi a 2004, kuma yana zaune ne a kwamfutarki. Don haka tsofaffin kayan aiki sun wadatar: ls ya jero fayiloli, cat ya baje abin da ke ciki, grep ya nemo kalma. Shi grep ɗin nan Ken Thompson ne ya rubuta shi a Bell Labs a farkon shekarun 1970, da shi muka ci abinci tun ba a haife ki ba, kuma raina yana fari in na ga sabbin na'urorin nan su ma da shi suke dogara. Masu amfani da Notion, wata manhajar ajiye rubutu, rubutunsu yana kwamfutocin kamfani, sai sun nemi mabuɗin sirri da wata gada irin MCP, tsarin da Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Ke ba ki da wannan wahalar, kada ki ɗora wa kanki.

Kafin ki bar shi ya taɓa ko harafi ɗaya, ki sa foldar a ƙarƙashin git, manhajar da ke ajiye tarihin duk sauyin da aka yi wa fayiloli. Na san za ki ce ai na masu rubuta manhaja ne. Linus Torvalds ya ƙirƙire shi a 2005 don aikin Linux, gaskiya ne, amma ba ruwansa da abin da ke cikin fayil, rubutu dai rubutu ne a wurinsa. Ki buga git init sau ɗaya. Duk lokacin da za ki ba mataimakin aiki, ki fara da git add da git commit, wato ki ajiye hoton yadda komai yake. In ya gama, ki buga git diff ki ga layin da ya cire da wanda ya ƙara, ki karanta da idonki. Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne rm, umarnin goge fayil. Abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara, ba ya tambayarki ko kin tabbata, ya tafi ke nan. Ki kuma ajiye wani kwafin a filashi wanda ba ya jone da kwamfutar, domin shi kansa tarihin git a cikin foldar yake zaune, abin da ya cinye foldar zai cinye shi.

Irin waɗannan mataimaka sukan tsaya su nemi izini kafin su gyara fayil ko su zartar da umarni. Nan gaba kaɗan tambayar za ta ishe ki, kuma za ki ji abokan karatu suna cewa akwai hanyar kashe ta. Akwai. Kada ki kashe. Ki karanta umarnin da yake son bugawa, in ba ki gane shi ba ki ce ya yi miki bayani kafin ki amince. A makonnin farko ma karatu kawai za ki bar masa, sannan ki buɗe masa folda guda ta kansa inda zai riƙa zuba abin da ya rubuta.

Akwai ƙananan tarkuna biyu. Obsidian yana ɗaure rubutu da rubutu ta sunan fayil, kuma in kika sauya suna daga cikin manhajar, shi da kansa yake bi ya gyara duk mahaɗan. In mataimakin ya sauya sunan ta tagar umarni da mv, mahaɗan tsinkewa suke yi ba tare da an sanar da ke ba. Na biyu ya shafi haruffanmu masu lanƙwasa. Wasu hirarrakin a waya kika rubuta su, ba ƙ ba ɗ ba ɓ, wasu kuma a kwamfuta da cikakkun haruffa. A wurin grep, k daban ƙ daban, d daban ɗ daban. Zai nemo "kuɗi" ya tsallake duk inda kika rubuta "kudi", mataimakin kuma ya gaya miki matan ba su yi maganar ba sai a wurare kaɗan. Ki rubuta masa wannan a fayil ɗin ka'idojin da yake karantawa a farkon kowane zama, ki ce ya riƙa neman siffofin biyu. Kada kuma ki yarda ya bi fayiloli yana mayar da k zuwa ƙ a dunƙule, ɓarnar za ta fi gyaran yawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, Uwata. Fayilolin suna kwamfutarki, amma ƙwaƙwalwar mataimakin ba a nan take ba. Duk layin da ya karanta, ta intanet ake aika shi zuwa kwamfutocin kamfanin da ya ƙera shi, a can ake sarrafa shi amsa ta dawo. Matan nan sun zaunar da ke a kan tabarmarsu, sun gaya miki bashin da ake bin su, da wadda ta ci zubi ta kasa biya, da kuɗin da suke ɓoye wa mazajensu don ranar buƙata. Ke suka gaya wa, saboda sun ga fuskarki sun san gidan da kika fito. Takardar amincewar da suka sa wa hannu ko suka dangwala wa yatsa ba ta ce za a tura maganarsu ƙetare ba. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2023, akwai kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, ki je ki tambaye su kafin ki fara. Amma ko babu doka, wannan amana ce, kuma za a tambaye ki a kanta. Ki cire sunaye da unguwanni, ki sa lamba a madadin kowace mace. Jerin da ke nuna wace lamba ce ta wa, ki ajiye shi a wajen foldar da mataimakin yake gani, gara ma a takarda cikin akwatinki. Ki lura, wani lokacin ba suna ne yake tona mutum ba: "matar mai unguwa ta uku, mai sayar da ƙuli" ta isa kowa a ƙauyen ya san ko wace ce. Hirar da ta yi nauyi sosai, ko dai ki karanta ta da kanki, ko ki gwada ƙananan samfuran ƙirƙirarriyar basira da manhajar Ollama take tafiyarwa a cikin kwamfuta ba tare da intanet ba, duk da cewa ba su kai manyan ƙarfi ba, musamman a Hausa.

Ki kuma yi hattara da abin da kike kwasowa daga intanet kina zubawa cikin rubuce-rubucenki. Mataimakin ba koyaushe yake rarrabe maganarki da maganar da ya tsinta a cikin fayil ba. Mugu zai iya binne umarni a cikin shafi, ki kwaso ba ki sani ba, shi kuma ya karanta ya bi. Tun 2022 Simon Willison, wani masanin manhaja, yake jan kunnen mutane a kan wannan. Ki ware wa irin waɗannan kwashe-kwashen foldarsu daban.

Sai batun ke kanki. Na san yadda kike rubutu tun kina firamare, kina cika littafi da tambayoyin da malamanki ba su yi ba. Ina tsoron ki wayi gari foldar ta cika da taƙaitawa masu santsi waɗanda ba ke kika yi tunaninsu ba, har ki kasa tuna wanne ne naki. Ki sa shi nema, da jerawa, da nuna miki inda mata biyu suka saɓa wa juna. Duk maganar da ya ce wata ta faɗa, ki ce ya kawo sunan fayil da lambar layi, grep -n yana bayarwa, ki buɗe ki gani, domin yakan ƙaga zance ya sa a bakin mutum cikin natsuwa. Amma abin da maganar take nufi, da dalilin da ya sa waccan baiwar Allah ta yi shiru kafin ta amsa miki, ke ce kika zauna a wurin. Wannan babin da hannunki za ki rubuta shi, kuma ke za ki tsaya gaban malamai ki kare shi.

In kin tayar da git ɗin, ki ɗauko hoton allon ki turo mini in duba kafin ki ci gaba. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ƙannenki ma duk suna gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani.

Naki,
Abbanki