Zuwa ga Gwamna Ahmad Aliyu na Jihar Sakkwato: Abincin Tamowa Ya Sake Yankewa

Assalamu alaikum, Mai Girma Gwamna. Allah ya ja zamaninka.

Ranar Talata na raka ƙanwata ƙaramin asibitin garinmu da ɗanta mai wata 14. Ma'aikaciyar lafiya ta zagaya masa ma'auni a damtse, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Fatar cinyarsa ta tattare kamar ta tsoho, ko kuka ba ya iyawa sai nishi. Ta dube mu ta ce abincin tamowa ya ƙare, mu dawo wani mako. Zuwanmu na uku ke nan, kullum da kuɗin kabu-kabu na rance.

Ranka ya daɗe, ka san abin da nake nufi, ɗan ƙullin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari, wanda uwa ke yage bakinsa ta ba yaro ya tsotsa, ba sai an hura wuta ba. Katan ɗaya mai ƙulli 150 yakan tada yaro cikin mako shida zuwa takwas. Katan ɗaya tak! Ko za a taimaka a gaya mana katan nawa kuɗin fitilun shatale-tale guda za su saya?

Lafiya tana cikin manufofi tara da ka zo mana da su a 2023, mun ji, mun tafa. Shekara da shekaru UNICEF da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke ɗauke mana wannan kaya, kuma a 2025 Amurka ta datse tallafinta. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ai ya san ranar kwana da yunwa. UNICEF na da asusun da ke ninka duk abin da jiha ta zuba don sayen wannan abinci. In an zuba, a ina katan-katan ɗin ke maƙalewa? Da idona na ga ƙullin a kan tiren mai talla a kasuwa, alhali ba na sayarwa ba ne.

Na san tushen ya fi haka zurfi. Manoman Isa da Sabon Birni ba sa shiga gona sai da yardar 'yan bindiga, rumbu kuma yakan ƙare tun kafin gero ya nuna. Wannan na bar shi sai wata wasiƙar.

Roƙona, don Allah, a saki kuɗin, a tura masu bin sawun kowane katan har hannun uwa. Talata mai zuwa za mu koma, in yaron ya kai.