A karrama waɗanda suka gano illar rashin aidin ga ƙwaƙwalwar yara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 21 ga Oktoba, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da ƙarancin sinadarin aidin. Bara ta zo ta wuce a nan Jos, ni dai ban ji an ce uffan ba.

Na taso na tarar da wata goggona da maƙoƙo ya kai girman lemo a wuyanta. Ko a tsakar gida ba ta rabuwa da mayafi. Wasu su ce ruwan rijiya ne, wasu su ce jifa aka yi mata. Ɗanta na uku ba ya ji, magana ba ta fita, ya yi gemu amma tsawonsa na yaro ne. Unguwa ta laƙaba masa dolo, mu ma yara muka bi, Allah Ya yafe mana. Sai da na fara koyarwa na gane cewa ciwon uwar da na ɗan tushensu ɗaya, kuma ɗan gishiri mai aidin da ya isa ya tare su.

Ba daga sama wannan ilimi ya faɗo ba. Daga 1966, Dakta Basil Hetzel na ƙasar Ostireliya da abokan aikinsa suka riƙa yi wa mutanen duwatsun Papuwa Niyu Gini allurar wani mai da ke ɗauke da aidin. Sakamakon da ya fito a 1971 ya nuna cewa idan mace ta samu aidin kafin ta ɗauki ciki, ɗanta na tsira daga wannan nakasa. Ashe kumburin wuya shi ne ƙaramin abu. Babbar ɓarnar tana faruwa tun a ciki, lokacin da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa, kuma ba ta gyaruwa. Hetzel ya rasu a 2017.

A gida ma akwai waɗanda suka yi gumi. Farfesa Uche Isichei na Jami'ar Jos ya bi ƙauyukan Filato yana binciken maƙoƙo, domin ƙasar tudu irin tamu ruwan sama ya daɗe da wanke aidin ɗinta. Irin wannan aiki ne ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993, har a 2005 ta zama ta farko a Afirka da aka tabbatar ta cika wannan mizani. Ɗalibaina nawa ne suka san sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu?

Abin da ke damuna shi ne mun saki jiki. A kasuwar Faringada za ka ga gishiri a buɗe cikin daro, rana na dukansa, ana auna shi a mudu, ba wanda ya san daga wane buhu ya fito. A gida kuma a bar shi gefen murhu babu murfi, aidin ɗin da ke cikinsa na ta raguwa. Alhali mai ciki tana buƙatar maikirogiram 250 na aidin a kullum, sauran manya 150.

Roƙona biyu ne. Jami'ar Jos ta sa lacca duk shekara da sunan waɗannan masu bincike, a yi ta har da Hausa don iyaye mata su ji. Ku kuma, kafin Oktoba, ku tura wakilinku tare da jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, zuwa kasuwanninmu da ruwan gwajin nan da ake ɗigawa a gishiri ya rine idan akwai aidin, ku buga mana abin da kuka gani.

Naku,
Wani malamin firamare,
Unguwar Rogo, Jos